Babi na Bakwai: Yadda Ake Zaɓen Sandar Fatsar Lallami

Akwai ranar da kifi ke cafke duk abin da aka jefa masa, akwai kuma ranar da zai zo har gaban ƙugiya, ya tsaya ya ƙare mata kallo, ya juya ya yi tafiyarsa. Irin wannan rana ta biyu ita ta fi yawa a tafkunan da masu fatsa suka yi wa rubdugu, da inda ruwa yake garau har ana hangen ƙasa, da kuma lokacin da sanyi ya kashe wa kifi jiki. Saboda ita ne masu kamun kifin bas na Amurka da Japan suka fito da salon da za mu kira fatsar lallami: siririn zare, 'yar ƙaramar ƙugiya, tanar roba wadda sau da yawa ba ta wuce santimita 7 zuwa 12 ba, da dalmar da nauyinta ke tsakanin giram 2 da giram 7. Ba a fizga, ba a gaggawa. Ana ajiye wa kifi abin a gabansa ne, a ɗan motsa shi kaɗan, a jira har zuciyarsa ta raya masa ya ɗauka.

Wanda ya shiga shagon kayan fatsa don neman sandar wannan aiki yakan fara da tambayoyi biyu: nawa ce, kuma kifi mai nauyin nawa za ta iya ɗagawa? Duka biyun ba nan ne mafari ba. Ana fara zaɓen sandar lallami daga ƙugiya, a dawo kan zare, sannan a iso ga sanda. Aikinta uku ne: ta jefa abu marar nauyi, ta kai wa hannu labarin abin da ke faruwa a ƙarƙashin ruwa, ta kuma kare siririn zare daga tsinkewa idan kifi ya zabura. Duk sandar da ta cika waɗannan uku ta yi, ko da sunan kamfaninta bai yi tashe ba.

Inda salon ya fito

A shekarar 1967 wani Ba'amurke mai suna Ray Scott ya shirya gasar kamun bas a tafkin Beaver da ke jihar Arkansas, shekara guda bayan nan ya kafa ƙungiyar B.A.S.S. Gasa ta jawo kuɗi, kuɗi suka jawo jama'a, jiragen fatsa suka cika tafkuna. Daga 1972 ƙungiyar ta fara sa 'yan gasa su riƙa mayar da kifi cikin ruwa da ransa bayan an auna shi, al'adar ta bazu har ga masu fatsar nishaɗi. Kifin da ya taɓa jin ƙarfe a bakinsa aka sake shi yakan ƙara wayo. Abincin bogi manya-manya masu ƙara da walƙiya, waɗanda a da suke cika jirgi, sai suka fara dawowa ba komai a wurare da yawa.

Tun kafin haka akwai masu aiki da ƙananan kaya. A yankin birnin Kansas, wani mai suna Chuck Woods yana fatsa da 'yan ƙananan robobi tun shekarun 1950. A jihar Tennessee, Charlie Brewer ya yi suna da salon jan tanar roba a hankali ba tare da wani wasa da ita ba. A kudancin Kalifoniya kuwa, inda madatsun ruwa irin su Castaic da Casitas suke da zurfi da haske ga kuma cunkoson mutanen Los Angeles, Don Iovino ya koya wa mutane girgiza 'yar tana a ƙasan ruwa mai zurfi da siririn zare.

Japanawa ne suka kai abin ƙololuwa. An kai musu kifin bas a 1925, lokacin da wani ɗan kasuwa, Tetsuma Akaboshi, ya zuba shi a tafkin Ashi. Ƙasar ba ta da yalwar tafkuna irin ta Amurka, masu fatsa kuma sun yi yawa, don haka dole ta sa suka ƙware wajen yaudarar kifin da ya ga komai. A can ne ɗaurin dirof-shot, wanda za a bayyana a gaba, ya bunƙasa a shekarun 1990, ya tsallaka teku zuwa Kalifoniya, inda irin su marigayi Aaron Martens suka ci gasa da shi har sauran Amurkawa suka daina yi masa kallon wasan yara.

Wani abu kuma ya taimaka wanda ba mutum ne ya shirya shi ba. A ƙarshen shekarun 1980 wasu 'yan ƙananan halittun ruwa masu ɓawo, masu zane a jiki, suka shigo Manyan Tafkunan Arewacin Amurka a cikin ruwan da jiragen dakon kaya ke ɗaukowa daga Turai. Suna tace ruwa su ci abin da ke cikinsa, sai ruwan ya washe ƙwarai. Kifi ya koma yana ganin zare mai kauri daga nesa. A 2022, a kogin St. Lawrence, wani matashi mai suna Jay Przekurat ya ci babbar gasa da kifaye 20 na bas mai ƙaramin baki waɗanda nauyinsu ya kai laba 102 da oza 9, kimanin kilo 46, kuma dirof-shot ne babban makaminsa. Wato ƙanƙantar kaya ba ta nufin ƙanƙantar kifi, kuma wannan shi ya sa zaɓen sandar yake buƙatar natsuwa.

Dalilin da ya sa sai sanda mai manaɗi a ƙasa

Manaɗan zare iri biyu ne suka fi yawa a hannun masu kamun bas. Akwai wanda ke zama a saman sanda, kwarkwaronsa yana juyawa idan an yi jifa. Irin wannan yana buƙatar abu mai nauyi da zai ja kwarkwaron ya fara gudu. Idan abin ya yi sauƙi, ko dai jifar ta faɗi a gaban ƙafa, ko kwarkwaro ya fi zare sauri ya cukurkuɗe shi. Akwai kuma wanda ke rataye a ƙarƙashin sanda, kwarkwaronsa a tsaye cik, zare ne kawai ke warwarowa ta bakinsa. Tunda ba abin da za a juya, ko giram 2 ya isa ya ja zare ya tafi. Wani attajirin masaƙa na Ingila, Holden Illingworth, shi ya yi rajistar irin wannan manaɗi a 1905, sannan manaɗin Mitchell 300 na ƙasar Faransa ya yaɗa shi a duniya bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Sandar da ake ɗaura wa wannan manaɗi tana da alamarta. Zobban da zare ke bi ta ciki suna ƙasa, na farkon babba ne mai doguwar ƙafa don ya tattara zaren da ke fitowa a murɗe, sauran suna ƙanƙancewa har zuwa tsini. Ba ta da 'yar ƙugiyar da ake saƙala yatsa a mariƙi. Japanawa sun ƙera manaɗan sama masu kwarkwaro marar nauyi da ke iya jefa ƙananan kaya, amma suna da tsada kuma suna son gwanin hannu. Mai farawa ya tsaya ga na ƙasa.

Karanta abin da aka rubuta a jikin sanda

Dab da mariƙi, kowace sandar kirki tana ɗauke da layin rubutu: tsawo, ƙarfi, yanayin lanƙwasa, nauyin abin jifa, da ƙarfin zaren da ya dace da ita. Galibi da ma'aunin Amurka ake rubutawa, don haka yana da kyau a riƙe cewa oza 1 giram 28 ce da ɗoriya. Kenan 1/16 na oza bai cika giram 2 ba, 1/8 giram uku da rabi ne, 1/4 giram 7, 3/8 kuma ya ɗan haura giram 10. Zare mai laba 6 yana tsinkewa a wajen kilo 2.7, mai laba 8 a wajen kilo 3.6.

Tsawo shi ne mafi sauƙin fahimta. Yawancin sandunan lallami suna tsakanin ƙafa 6 da inci 8 zuwa ƙafa 7 da inci 6, wato daga mita 2 zuwa kusan mita 2.3. Doguwa ta fi nisan jifa, ta fi kwashe sakin zare idan an ɗaga ta, ta kuma fi shanye fizgar kifi. Gajeriya ta fi saiti, ta fi daɗin aiki a ƙarƙashin rassan itace ko lokacin da ake sauke dalma tsaye daga gefen jirgi. Mai tsayawa a bakin gaɓa a fili yana son doguwa. Mai zama a ƙaramin kwalekwale ko mai ratsa duhuwa yana son gajeriya. Ƙafa 7, santimita 213, ita ce tsaka-tsaki.

Ƙarfi yana nufin yawan nauyin da ake buƙata kafin sanda ta lanƙwasa. Ana nuna shi da haruffa: UL ita ce mafi laushi, sai L, sai ML, sai M, sai MH da H masu tauri. Fatsar lallami tana zaune ne a ML, tana ɗan leƙa L da M. Idan aka ɗaura tanar giram 3 a sandar H, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza: sandar ba za ta tanƙwaru ta harba abin ba, kuma ranar da babban kifi ya ja, duk nauyin zai sauka a kan zare ya tsinke. Idan kuma sandar ta cika laushi, jifa za ta yi daɗi amma ba za a iya juya kan kifi daga duwatsu ko ciyawa ba.

Sai a lura da wani abu da masu shago ba su cika faɗa ba. Babu wata hukuma da ta tsayar wa kamfanoni ma'auni guda na waɗannan haruffa. ML ta wannan kamfani tana iya zama M ta wancan, kuma sandar ML da aka yi don kifin teku ta fi ta ruwan daɗi tauri nesa ba kusa ba. Lambobin nauyin abin jifa sun fi haruffan gaskiya. A nemi sandar da nauyin da za a fi jefawa ya faɗo a tsakiyar lambobinta, ba a bakin iyaka ba. A kuma haɗa da nauyin robar kanta. Tanar Senko mai inci 5, wadda Gary Yamamoto ya fito da ita a shekarun 1990, cike take da gishiri, nauyinta ya kai kusan giram 10 ko ba dalma.

Yanayin lanƙwasa daban yake da ƙarfi, nan ne kuma mutane suka fi rikicewa. Shi wannan yana nuna wurin da sanda ke lanƙwasawa. Mai alamar XF tsininta kawai ke sunkuyawa, sauran jikin a miƙe. Mai alamar F tana lanƙwasawa a kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na sama. Mai matsakaiciyar lanƙwasa kuwa tana kaiwa har tsakiya. Sanduna biyu za su iya zama ML duka, amma ɗaya XF ɗaya matsakaiciya, a hannu kuma kamar ba dangi ba. Fatsar lallami ta fi son F da XF, domin tsini mai laushi yana ba da damar rawar da tana ba tare da an ja dalma daga wurinta ba, jiki mai tauri kuma yana nan kusa idan lokacin soka ƙugiya ya yi.

Ƙugiya ce ke yanke hukunci

Tambayar da ta fi kowace amfani ita ce: bakin ƙugiyar a fili yake ko a ɓoye cikin roba, kuma ƙarfenta siriri ne ko mai kauri? Amsar ita ke nuna ƙarfin da ake buƙata don ƙugiya ta shiga bakin kifi, ƙarfin nan kuma shi ke nuna sanda.

A ɗaurin dirof-shot, dalma tana can ƙarshen zare, ƙugiya kuma a ɗaure sama da ita da kamar santimita 30 zuwa 45, an soka ta a hancin tana, bakinta a fili. Dalma na kwance a ƙasa, tana na shawagi a sama da ita. Ƙugiyar siririya ce mai kaifi, ba ta son fizga. Ana naɗe zare ne a ɗaga sanda a hankali, ta shige da kanta. Wanda ya fizga da ƙarfi zai yaga leɓen kifi ko ya miƙar da ƙugiyar. Abin da ya dace shi ne ML mai alamar XF, tsininta mai laushi sosai, yadda idan kifi ya tsotsi tanar zai ji ba tirjiya, mai fatsa kuma zai ga tsinin ya ɗan sunkuya tun kafin hannunsa ya ji wani abu. Don wannan ne kamfanonin Japan suke yin sanduna masu cikakken tsini marar rami a ciki, wanda ya fi siranta da saurin nuna motsi, sai dai ya fi saurin karyewa a hannun marar kula.

Ɗaurin Ned ya samo sunansa daga Ned Kehde, marubucin harkar fatsa daga garin Lawrence na jihar Kansas, wanda ya gaji salon su Chuck Woods ya yaɗa shi. Guntuwar roba ce mai kamar santimita 7 a kan ƙugiya mai kan dalma, nauyin kan sau da yawa bai kai giram 3 ba. Robar da aka fi amfani da ita tana tasowa sama, sai ta tsaya da kai a ƙasa, wutsiya a sama. Nan ma bakin ƙugiya a fili yake, don haka L ko ML mai alamar F ta wadatar, kuma gara wadda ke ɗan ƙara lanƙwasawa idan kifi ya ɗora mata nauyi, saboda 'yar ƙugiyar ba ta da wurin riƙo mai yawa.

Ɗaurin waki shi ne a soka ƙugiya a tsakiyar tana, kai da wutsiya su riƙa karkarwa tana nitsewa. Ɗaurin Neko, wanda ya fito daga Japan, ƙaninsa ne: ana cusa 'yar dalma mai kamar ƙusa a kan tanar don ta nitse da ka. Tunda robobin sun fi nauyi, kuma sau da yawa ana jefa su kusa da ciyawa ko ƙarƙashin gadojin katako na bakin tafki, ML mai ɗan tauri ko M mai alamar F ta fi dacewa.

Sai ɗaurin mai kaɗa kai, wanda ya yi ƙarfi a kogunan jihar Alabama. Shi ma ƙugiya ce mai kan dalma, amma ana mayar da bakinta a ɓoye shi cikin jikin tana don kada ta saƙale a itace ko dutse. Kafin ta kai ga kifi sai ta huda robar tukuna. Nan laushi ba zai yi ba; M mai alamar F ake so, kuma a soka da ɗan ƙarfi.

Akwai kuma ƙananan kifayen bogi masu tauri da ke ɗauke da ƙugiyoyi masu baki uku. Su ana jansu ne a hankali ba tsayawa, kifi yana kama kansa da kansa, matsalar kawai kada ya girgiza kai ya zubar da su. Sanda mai matsakaiciyar lanƙwasa ta fi riƙe irin wannan kifi, domin ba ta barin zare ya saki.

Abin da aka ƙera sandar da shi

Tun da kamfanin Fenwick ya fito da sandar girafait a 1973, zaren kabon ya mamaye wannan fage. Ya fi faibagilas tauri da rashin nauyi, kuma ya fi shi isar da girgiza. Faibagilas ya fi jure wahala. Sandar Ugly Stik, wadda aka fara sayarwa a 1976, haɗin su biyun ce, shi ya sa da wuya ta karye, shi ya sa kuma ba ta da kaifin ji.

A tallace-tallace za a ga ana faɗin tan 24, tan 30, tan 40, ko IM6 da IM8. Lambobin suna nuna taurin zaren kabon da aka yi aiki da shi. Idan zaren ya fi tauri, kaɗan daga cikinsa ya isa a yi sanda, sai ta fito ba nauyi. Amma bangonta yakan yi siriri, ƙaramin bugu a gefen jirgi ya bar mata rauni, ta zo ta karye wata rana a kan kifi. Kuma lambar ba ta faɗin irin ƙaron da aka haɗa zaren da shi, ko yadda aka naɗe shi, ko kashi nawa na sandar ne aka yi da mai tsadar. Kada lamba ta sa a biya ninki biyu.

Zobba ma suna da tasiri fiye da yadda ake zato, musamman na kusa da tsini. Duk giram ɗaya da aka ɗora a can yana sa tsini ya ci gaba da rawa bayan jifa, yana kuma dusashe ji. Zobba ƙanana marasa nauyi, masu santsin ciki, irin waɗanda kamfanin Fuji na Japan ya yi suna da su, sun fi. Sai dai idan sun cika ƙanƙanta, ƙullin da ya haɗa zare biyu yakan riƙa tuntuɓe a cikinsu. Mariƙi kuwa, ko na ɓawon itacen kok ne ko na soso mai tauri, abin nema shi ne ya bar yatsa ya taɓa jikin sandar kai tsaye, kuma gindinsa kada ya yi tsawon da zai riƙa kama riga.

Yana da kyau a san cewa shi kansa Ned Kehde an san shi da gajerun sanduna masu araha da tsofaffin manaɗai, har yakan ce salonsa ya fi kyau idan mai fatsa ba ya jin abin da robar ke yi a ƙasa. Sanda mai tsada tana da ranarta, musamman a dirof-shot cikin ruwa mai zurfi da iska, amma ba ita ke kama kifi ba.

Sanda ba ta aiki ita kaɗai

Rabin abin da ake yaba wa sanda na kaifin ji, aikin zare ne. Zaren nailan yana iya miƙewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawonsa kafin ya tsinke, don haka yana haɗiye ƙananan taɓi. Kitsattsen zare kusan ba ya miƙewa. Abin da aka fi yi yanzu shi ne a cika kwarkwaro da kitsattse mai laba 10 zuwa 15, a ƙulla masa zaren gaba na fulorokabon mai laba 6 zuwa 8, tsawon mita 2 ko 3. Kamfanin Kureha na Japan ne ya fara yin zaren fatsa na fulorokabon a 1971. Yana nitsewa, yana jure gogayya da dutse, kuma bai kai nailan bayyana a cikin ruwa ba.

Wannan haɗi yana shafar zaɓen sanda kai tsaye. Tunda kitsattse ba ya miƙewa, ba sauran abin da zai shanye fizga sai sanda da birkin manaɗi. Mai aiki da kitsattse ya sauko mataki ɗaya wajen tauri. Mai aiki da nailan zalla yana iya hawa mataki ɗaya. Birki kuma a saita shi ya fara sakin zare a wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren gaba. Manaɗi mai lamba 2500 shi ya fi zama daidai da sandar ƙafa 7. Dalmar tungstan, wadda ta fi ta gargajiya nauyi a ƙaramin jiki kuma ta fi ta tauri, tana ƙara bayyana bambancin laka da tsakuwa a hannu.

A cikin shago

Kaɗa sanda a iska ba ya nuna komai. A tafi da manaɗin da za a yi aiki da shi, a ɗaura, a ɗora sandar a kan yatsa ɗaya. Idan ta daidaita dab da gaban manaɗi, madalla. Idan kai ya rinjaya sosai, wuyan hannu zai gaji kafin azahar, domin wannan fatsa ce ta riƙe tsini a sama tsawon yini. A zura zare ta zobba duka, wani ya riƙe bakinsa, a ɗaga a hankali a ga inda lanƙwasa ta fara da inda ta tsaya, a tabbata zaren yana bin lanƙwasar ba tare da kusurwa mai kaifi tsakanin zobe da zobe ba. A runtse ido ɗaya a leƙa daga gindi zuwa tsini a ga ko zobban suna kan layi. A zagaya cikin kowane zobe da 'yar auduga; idan ta saƙale, akwai tsaga, tsagar kuma za ta ci zare.

Wanda zai yi odar sanda daga ƙasar waje ya nemi mai gaɓa biyu. Kuɗin dakon bututu mai tsawon mita 2 yana iya fin kuɗin sandar, ga haɗarin karyewa a hanya, kuma mahaɗin sandunan zamani ya yi kyau ta yadda da wuya hannu ya gane bambanci. Bayan an saya, a sani cewa ba kifi ne ya fi karya irin waɗannan sanduna ba. Ƙofar mota ce, da fankar sama, da ɗaga sanda tsaye cak lokacin da kifi ya zo gefen jirgi, wanda ke tara duk nauyin a kan siririn tsini. Kada a ɗaga kifi sama da ita, a sa koma a kwaso shi. Idan ƙugiya ta saƙale, a miƙar da sanda ta fuskanci wurin a ja zaren, kada a yi ta fizga da tsini.

Mai karatu da ke fatsa a Tiga, ko Kainji, ko bakin kogin Kwara, ya san bas ba kifin ruwanmu ba ne. Duk da haka sandar tana da aiki a wurinsa idan ruwa ya kwanta ya washe bayan damina: karfasa da ƙananan giwan ruwa suna ɗaukar ƙananan kaya. Sai dai ya san iyakarta. Haƙoran tsage suna datse fulorokabon nan take, sai an sa 'yar waya a gaba. Babbar giwan ruwa, wadda ke iya haura kilo 100, ba sa'ar wannan sanda ba ce. Tarwaɗa kuma da ƙamshi da gashin baki take neman abinci a ruwa mai laka, ba ruwanta da sirantar zare.

Wanda zai sayi sanda ɗaya tak, ya nemi mai ƙafa 7, ƙarfin ML, alamar F, wadda aka rubuta mata nauyin jifa daga 1/16 ko 1/8 zuwa 3/8 na oza da zare mai laba 4 zuwa 10. Za ta yi dirof-shot da Ned da waki da Neko ba tare da gazawa ba, za ta kuma taɓa mai kaɗa kai idan ba cikin sarƙaƙiya ba ne. Kada ya sayi ta biyu sai ya yi kaka guda da ta farko, ya gane ɗaurin da ya fi yawan yi da kuma inda take gaza masa. Kuɗin da ya rage ya sa su a zare mai kyau da ƙugiyoyi masu kaifi.